Tattakin Najaf zuwa Karbala da Hajiya mai ciwon suga: daga wane amudi (turakun bakin hanya masu lamba) za mu fara?

Ummu Zahra: Salamu alaikum 'yan'uwa. Bana zan raka Hajiyarmu tattakin Arba'in a Iraƙi (na tunawa da cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini), ta yi niyyar taka wani yanki don roƙon Allah zaman lafiya a ƙasarmu. Shekararta 64, ga ciwon suga. Mu fara daga amudi na ɗaya, ko mu shiga mota zuwa na 1000 mu ƙarasa a ƙafa?

Abu Haidar: Wa alaikumus salam. Hanyar kusan kilomita 80 ce, amudi 1452, mita 50 tsakanin kowane biyu. Kwana uku ake yi. Kada a sa sabon takalmi, tun ranar farko ƙafa za ta yi bororo. A canza safa in ta jiƙe.

Maman Sajjad: Malam, ciwon suga fa ta ce. Daga 1000 saura amudi 452, wajen kilomita 22 da rabi, ku raba shi dare biyu. Zafin rana yakan haura digiri 45, don haka ku fita bayan magariba, hantsi ya same ku a maukibi, wato rumfar hutu da abinci ta bakin hanya. Shayin Iraƙi rabinsa sukari ne, ki ce musu "bidun sukkar". In allurar insulin take yi, zafi na lalata ta, a sa a jakar sanyi. Kullum dare ki duba tafin ƙafarta, wani mai suga ba ya jin ciwon yanka.

Ɗan Tudu: Shayi ba sukari a Iraƙi? Za su ɗauka kin yi fushi da su ne.

Baban Ruƙayya: Ku bar zancen shayi. Akwai ayarin da jagoransu ya karɓe fasfo ɗin kowa, wai don kada su ɓata. Wata dattijuwa ta rabu da su a cunkoson shiga gari, layin waya ya cushe, ba takarda a jikinta, ba Larabci. Kwana biyu ana nemanta. Da an rubuta mata lambar amudin haɗuwa an rataya mata a wuya, da ba a kai nan ba. Jagoran ko haƙuri bai ba 'ya'yanta ba.

Abu Haidar: Komawa Najaf dinari dubu biyar ne a bas.

Maman Sajjad: A ranar Arba'in? Ko dubu goma sha biyar sai an yi sa'a. Kuma mota ba ta shiga tsakiyar Karbala, sai an sake taka wasu kilomitoci zuwa tasha, ko a biya mai amalanke ya tura Hajiya.

Abu Haidar: Farashin da na sani na faɗa, Hajiya.

Maman Sajjad: Na wace shekara?

Baban Ruƙayya: Su kuma masu shirya tafiya da ke cewa masauki "dab da harami", sai ka je ka tarar da tafiyar awa guda, wa zai tambaye su?

Ummu Zahra: To ni dai, motar zuwa amudi na 1000 a ina ake samunta?