Wa ake tambaya kafin a sa aikin unguwa a kasafin kuɗi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Ni tela ne a cikin birni, shagona na bakin kwalbati. Damina uku ke nan, da hadari ya haɗo sai in ɗora kekunan ɗinki kan bulo, in kwashe shaddojin mutane in kai gida. Bana sai ga tifa ta zube yashi, muka ce Alhamdulillahi. Ashe rijiyar burtsatse ce, dab da wadda wani bawan Allah ya yi mana sadaka, ko lalacewa ba ta yi ba. Na tari kansilanmu wajen ɗaurin aure, ya ce daga sama aka rubuto. To jama'a, wane ne saman nan? Ta ina talaka ke sa baki?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam. Malam, ka makara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ƙarshen shekara ake haɗa kasafi. Ku zauna da mai unguwa, ku rubuta buƙata guda ɗaya tak, magudanar ruwa, kowa ya sa hannu. Ku kai sakatariyar ƙaramar hukuma, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Kwafin nan shi ne makaminku. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana 7 ta ba hukuma ta amsa. Ku nemi takardar kwangilar burtsatsen: nawa ne, wa aka ba.

Ɗan Fagge:
Hhhh hatimi. Kotun Ƙoli ma a Yulin 2024 ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da 44 a Kano, kuma ana wallafa kason kowacce duk wata. Kai ka taɓa duba na taku? Ni dai shawarata, ka ɗauki hoton ruwan a shagonka, ku je gidan rediyo. Sun fi jin kunyar rediyo.

Maman Khalifa:
Baban Ummi, in za ku zauna don Allah kada ku sa bayan isha'i a ƙofar masallaci. Mu ke kwalfe ruwan tsakar gida da bokiti, mun san lungun da yake fara ci.

Baban Ummi:
Gaskiya ne, Hajiya. Asabar bayan la'asar, a islamiyyar layinmu. Malam, turo min yadda ake tsara wasiƙar.