Ɗiyata tana ce wa kowane namiji Baba, yaya zan koya mata sunaye?

Uwar Uwani, Birni:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ɗiyata ta fari tana da wata 20, kuma duk namijin da ya shigo gidanmu da babbar riga Baba take ce masa, haka nan tunkiya da jaki duk akuya ne a bakinta. Abin da ya fi damuna shi ne sunanta na yanka, domin sunan surukata ta ci, ni kuwa ba na faɗinsa saboda alkunya, kowa Uwani yake kiranta. Ta wace hanya zan fahimtar da ita cewa kowane mutum da kowane abu yana da nasa suna?

Malamar ƙananan yara, Zongo:
Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba jinkiri ba ne. Yaro yakan furta kalmarsa ta farko wajen cikarsa shekara 1, kuma kafin ya shekara 2 sau da yawa yakan ɗauki suna ɗaya ya laƙaba wa duk abin da ya yi masa kama da na farkon, wanda hakan ke nuna ya riga ya gane cewa suna yana nuni ga wani abu. Kada ki tsawata mata; in ta ce akuya, ki ce: "Tunkiya ce wannan, ga akuya can a turke." Ki ambaci sunan abu a daidai lokacin da idonta yake kansa, kamar sa'ad da ta miƙo hannu ta kama ludayin da kike dama fura, ki maimaita har sai ta gwada da bakinta.

Kaka, Garin Malam:
Ɗiyata, ki riƙe alkunyarki, ba laifi ba ce, amma ki sa gwaggonninta da kawunnanta su riƙa kiranta da sunan yanka, haɗe da na mahaifinta. Na ga yaran da aka kai lakwal, malam ya yi ta kiran sunan da ke takardar haihuwa, su kuwa suna zaune shiru don ba su san da su ake ba. Ga kuma cunkoson ranar Sallah a ƙofar fada: yaron da ya ɓace, in ya iya faɗin sunansa da na ubansa da unguwarsu, ba ya daɗewa a hannun mutane.

Baban yara, Sabon Gari:
Ni da dare nakan nuna wa nawa hotunan dangi a waya, ina tambayarsa: "Wane ne wannan?" Ta nan ya raba Kawu da Baba.