Injin wanki na dawo da ruwa ta bututun bango: wa ya taɓa fama da wannan?

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 9 ke nan abu ɗaya ya hana ni sakat. Injinmu yana wanki lafiya lau, amma da ya zo zubar da ruwa sai bututun nan na tsaye da ake zura tiyo a ciki ya fara ƙugi, kafin ka ce kwabo ruwa ya tumbatso ta bakinsa ya malale ɗaki. Jiya bokiti 2 na tsane da tsumma, fentin ƙasan bango har ya fara ɓarewa. Maigidan ya ce injin ne ya lalace. Ni kuwa raina bai ba ni haka ba, tunda ruwan da ƙarfinsa yake fitowa daga tiyo. Sau 2 na zuba tafasasshen ruwa, ko gezau. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya gaya min abin da ya yi, har da abin da ya gwada bai yi ba.

Kawu Mai Famfo:
Wa alaikumus salam. 'Yata, zatonki daidai ne. Injin da ya iya tura ruwa har ya cika bututu ya zubo, famfonsa lafiyarsa ƙalau. Hanyar ruwan ce ta ƙuntata.

Shekara 20 da 'yan kai ina wannan aiki, kuma ba na kwance komai sai na yi gwaji ɗaya. Ki tara ruwa a injin, ba kaya ba sabulu, ki sa shi ya zubar, yatsanki na kan maɓallin tsayarwa. Daga lokacin da ruwa ya fara fita ki ƙirga daƙiƙa har ya leƙo bakin bututun. Bututu mai faɗin inci 2 kusan lita 2 kawai yake ɗauka a kowace mita ɗaya. Saboda haka in ya cika cikin 'yan daƙiƙu, toshewar tana nan kusa, galibi a lanƙwasar nan mai siffar U da ke ƙasansa. In sai da ya kai rabin minti ko minti guda, ruwan ya yi tafiya kafin ya ci karo da abin da ya tare shi, toshewar tana can ciki. Sannan ki sa wani ya tsaya a banɗaki yana kallon magudanar wanka da masai lokacin da injin ke zubarwa. Duk abin da ya gani ko ya ji, ki faɗa mana.

Tafasasshen ruwan nan kuma ki dakata da shi in bututunku na roba ne. Ba a yi robar bututu irin ta PVC don zafin da ya wuce digiri 60 ba, yana iya laushi, mahaɗarsa ta saki.

Ɗan Haya:
Anti, abin da na yi ne zan roƙe ki kada ki yi. Da namu ya fara zubowa sai na danna tiyon can ƙasa iyakar inda ya tsaya, na naɗe bakin bututun da leda da salatif har iska ba ta shiga. Ƙasa ta bushe, na ɗauka an gama. Bayan kamar mako guda kayanmu suka fara fitowa da wani wari mai kama da na kwata. Rannan na buɗe injin da safe na tarar da ruwa baƙi-baƙi kwance a cikinsa, alhali da daddare fanko na bar shi. Ashe ruwan da na hana fita ta sama ta tiyon yake komawa ciki. Rigunan makarantar yara sai da aka sake wanke su sau 2.

Kawu Mai Famfo:
Haka yake, ɗana. Ratar da ke tsakanin tiyo da bakin bututu da gangan aka bar ta. In ka toshe ta, bututun da tiyon sun zama abu guda: ko ya zuƙe ruwan injin tun yana ɗiba, ko ya mayar masa da na datti. Tiyo ba ya bukatar shiga fiye da kamar santimita 15. A ɗaure shi da bututun don kada ya fizge, amma a bar masa wurin numfashi. Tsayin da ake rataye shi kuma yana cikin littafin injin, yawancin masu ƙofa a gaba tsakanin santimita 60 ne zuwa 100 daga ƙasa.

Hajiya Babba:
Ni nawa ƙarami ne amma zan faɗa ko zai amfani wani. Abin da ke fitowa a bututuna rabinsa kumfa ne, fari tas kamar an kwance auduga. Ina cika garin sabulu har ya wuce layi, ina ganin haka kaya za su fi fita. Jikata ce ta karanta min littafin injin, muka koma rabin abin da nake zubawa. Tun daga ranar ban sake tsane ƙasa ba, kaya kuma suna fita yadda suke fita. Maman Uku, ki duba abin da ke zubowa, ruwa ne zalla ko kumfa ce ke ɗago shi.

Yaya Ta Ƙasan Bene:
Allah ya sa naki bai kai namu ba, ƙanwata. Mu a hawa na ƙasa muke. Abin ya faro ne da ƙarar ɓul-ɓul a masai duk lokacin da injin ke zubarwa. Ban kula ba. Bayan wata guda sai ruwan wanki mai kumfa ya fara ɓullowa ta magudanar wanka, yana cika ƙasan banɗaki har idon sawu, sannan a hankali ya janye ya bar wani baƙin dauɗa. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne ranar da injinmu a kashe yake, maƙwabtan sama ne ke wanki, amma banɗakina ne ya cika.

Mai gyara na farko bututun bayan injin ya yi ta sakata, ya ce an gama, washegari abu ya dawo. Na biyu bai ma shiga ɗakin wankin ba. Waje ya fita ya buɗe murfin babban bututun da ya tara ruwan gidan duka, ya tarar da shi cike maƙil. Ya zura kyamara, muka tsaya muna kallo a allonta: saiwar bishiya ce ta shiga ta wata tsaga a mahaɗar bututu, siriri-siriri kamar gashi, ta yi tsumma guda, duk abin da ya zo sai ya maƙale a jikinta. An yanke saiwar da inji, daga baya aka haƙa aka canja wannan gaɓar, don ya ce in ba a gyara tsagar ba za ta sake tsirowa. Injin wanki na sakin ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, shi ya sa shi ke fara tona asirin babban bututu. Masu sokawe kuma su leƙa ko cika ya yi, alamun iri ɗaya ne.

Abban Sadauki:
Ni dai soda na zuba, irin ta buɗe magudana, na bar ta ta kwana, da safe ruwa ya wuce. Ban ga abin wahalar da kai ba.

Uwar Tagwaye:
Yaya Abban Sadauki, kai ka dace ne, wataƙila taka maiƙo ce da ruwa ke ɗan ratsawa. Tawa toshewa ce gaba ɗaya, sodar ta sauka ta zauna a lanƙwasa ba ta je ko'ina ba. Da mai gyara ya zo na manta ban gaya masa ba. Yana kwance mahaɗar ruwan ya fantsamo masa a damtse. Wurin ya yi ja nan take, muka kai hannunsa ƙarƙashin famfo ruwa na zuba na tsawon lokaci, duk da haka sai da fatar ta saɓule. Har yau in na tuna cewa fuskarsa na kusa da wurin sai gabana ya faɗi. Wanda duk ya riga ya zuba magani, don girman Allah ya faɗa wa mai gyara tun daga bakin ƙofa. Kuma kada a bi shi da wani maganin daban ko bilic, haɗuwarsu na iya tayar da iska mai guba.

Kawu Mai Famfo:
Allah ya ƙara tsarewa. Abin da ke toshe bututun injin wanki yawanci burbushin zaren tufafi ne da gashi, sabulu ya liƙe su. Zaren roba irin na polista soda ba ta cin sa. Jawo shi ake yi da wayar sakata, wadda ake murzawa da hannu. A sa safar hannu, a zura ta a hankali, in ta tokare a lanƙwasa a ci gaba da murzawa ana turawa kaɗan-kaɗan, ban da ƙarfi.

Ƙanwar Gida:
Nawa daban ne, na kawo ne don kada wani ya rikita su. Ruwa ba ya zubowa ƙasa, a cikin injin yake tsayawa, yana ta gurnani. Matatar famfonsa ce, a bayan ƙaramar ƙofar nan ta ƙasa daga gaba. Na zare wuta daga soket, na shimfiɗa tawul, na tara faranti mai zurfi, na kwance a hankali. Safar jariri ɗaya, ƙarfen ɗaure gashi da maɓallai 3 na ciro. Maman Uku, ke ma in ƙasa ta jiƙe ki fara kashe wutar kafin ki taka.

Baba Mai Tsohon Gida:
Mu shekara da shekaru ba matsala, sai da muka sayi sabon inji. An sakace bututu, ba a sami komai ba. Ashe na gidan inci 1 da rabi ne, sabon injin kuma ya fi tsohon saurin turo ruwa. Bambancin rabin inci kamar ba komai ba, amma bakin na inci 2 ya kusa ninka wancan. Fasa bango ya yi mana nauyi a lokacin, sai muka mayar da tiyon cikin babban sinkin wanki: ruwa ya taru a ciki, ya sauka a hankali. Wani maƙwabcina kuma sheƙar tsuntsu aka ciro masa daga bututun iskan da ke leƙowa ta rufi, ƙugin ya daina.

Maman Uku:
Na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, na yi gwajin. Daƙiƙa 6 na ƙirga ruwa ya leƙo, babu kumfa, babbar 'yata da ke banɗaki kuma ta ce ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba. Maigidan ya samo wayar sakata. Da muka zaro tiyon ma mun tarar ya nutse fiye da kamu ɗaya, dab da lanƙwasar. Wayar ta shiga kamar tsawon hannu ta tokare. Ya yi ta murzawa, can sai muka ji ta kama abu. Abin da ya fito dunƙule ne toka-toka mai santsi, ya kai girman dunƙulen hannun yaro, gashi ya sarƙe shi, ga wani jan zare da na gane na bargon da na wanke watan jiya ne. Warin sai da muka buɗe taga. Sau 3 ya mayar da wayar, na ukun ta wuce sumul ta dawo kusan fes. Mun bi da ruwan ɗumi bokiti guda, muka gyara zaman tiyon, na yi wanki zagaye 2 ina tsaye a kansa. Ko ɗigo.

Saura tambaya ɗaya: na ga ana sa wata 'yar raga a bakin tiyo don ta tare zaren. In sa?

Kawu Mai Famfo:
Madalla, 'yata. Ragar tana aiki sosai ga mai zubarwa a sinki irin na Baba, don ido na ganinta, da ta cika a canja. A cikin bututun tsaye kuwa ba na son ta: ba a ganin cikarta, kuma na sha ciro wadda ta suɓuce ta faɗa lanƙwasa ta zama ita ce toshewar. Ke dai ki riƙa kaɗe barguna da tawul kafin su shiga inji, ki duba aljihu. Bangon kuma kada a yi gaggawar shafa masa fenti. Ki matsar da injin gaba kaɗan, iska ta riƙa bi ta bayansa har wurin ya bushe sarai.