Neman shawara: ɗalibata 'yar ƙabilar Kiri tana son bincikenta ya fita a mujalla

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyar da kimiyyar muhalli a wata jami'a a Kanada. Ina da ɗaliba 'yar aji uku, daga ƙabilar Kiri, cikin al'ummomin asali na ƙasar. Tana son ta auna ingancin ruwan sha a garinsu, ta haɗa da abin da dattawa suka sani game da tafkinsu. Daga ina za mu fara?

Amsa ta 1:
Wa'alaikumus salam Malam. Kada ta ɗebi ko kwalba ɗaya tukuna. Babi na 9 na ƙa'idar bincike ta ƙasa, TCPS 2, ya wajabta tuntuɓar al'ummar. Kasancewarta 'yar gari ba ya zama izini, a je wurin shugaban garin da majalisarsa. Ku rubuta yarjejeniyar bincike da su, sannan ku kai takardu kwamitin ɗa'a na jami'a. Abin yakan ci watanni. In kuna son aiki a Mayu, ku fara tun Oktoba.

Amsa ta 2:
Dakta mai amsa ta 1 ta faɗi gaskiya, amma ga inda aka fi yin tuntuɓe: na waye bayanan? Tun 1998 waɗannan al'ummomi suke da ƙa'idar OCAP, wato su ne masu bayanan, su ke da iko da su, da damar ganinsu, kuma a hannunsu ake ajiye su. Mujallun kimiyya da yawa kuwa suna son a zuba bayanai a intanet kowa ya ɗauka. Idan ba a warware wannan a yarjejeniya ba, sai an gama rubutu edita ya ce a kawo, garin ya ce a'a, yarinya ta tsaya tsakanin malamai da iyayenta. Wannan nauyi bai kamata ya hau kanta ba.

Ku fayyace a rubuce: a wace kwamfuta za a ajiye muryoyin dattawa, wa zai saurara, waɗanne wurare ne ba za a sa a taswira ba. Ku ba garin mako huɗu zuwa shida su karanta daftari kafin a tura. A mujalla kuma a rubuta cewa bayanan na al'umma ne, mai so ya nemi izininsu.

Amsa ta 3:
Batun kuɗi, Malam. Hukumar NSERC, mai ba da kuɗin binciken kimiyya a Kanada, tana ba ɗaliban digiri na farko tallafin dalar Kanada 6,000 na aikin mako 14 zuwa 16, malami ya ƙara daga asusun bincikensa. 'Yan asali ana iya tura sunansu ko da jami'a ta cika kasonta, muddin sun bayyana asalinsu a fom. Hasafin dattawa ka ware masa kuɗi daban. A wurin Kiri ana miƙa wa dattijo taba kafin a nemi iliminsa, kamar yadda muke kai goro. Ta tambayi gida yadda ake yi.

Amsa ta 4:
Wajen rubutu, tsarin APA na kawo madogara yana ɗaukar maganar baki a matsayin zancen tsakanin mutum biyu, ba ta shiga jerin madogara. Hakan yana ɓatar da sunan dattijon da ya ba da ilimin. Ku yi amfani da tsarin da Lorisia MacLeod ta tsara a kwalejin NorQuest, mai kawo sunan dattijo, al'ummarsa da ranar ganawa, in ya yarda a ambace shi.

Sunan ɗalibar ya zo farko cikin marubuta, kuma a amince da jerin sunaye tun kafin a fara. Ku duba mujallar AlterNative ko International Journal of Indigenous Health, masu tantancewarsu sun san irin wannan aiki. Ranar da gyare-gyare suka dawo, kada ka tura mata ta imel kawai. Ku zauna tare, ku yi jadawali mai gida uku: abin da aka ce, amsarku, da shafin da aka gyara.