Shawarwarin tsaro bayan harin Jami'ar Waterloo

Bayan wani ya daɓa wa malama da ɗalibai 2 wuƙa a ajin nazarin jinsi na Jami'ar Waterloo, Kanada, a watan Yunin 2023, ɗaya daga cikin shawarwarin da suka samu karɓuwa ita ce a daina wallafa lambar aji da lokacin darasi a intanet, tunda ta nan mahari ke gano inda zai nufa. An kuma nemi saƙon gargaɗi ya riƙa isa wayoyi nan take.

Batun ƙara 'yan sanda kuwa ya raba kawuna. Ɗalibai masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi da dama sun fi son ƙwararrun masu ba da shawara da ba za su tona asirinsu ba, kuma a riƙa tuntuɓar su ɗaliban kafin a yanke hukunci kan tsaro. A ganina suna da hujja.