Hoto yana ƙyaftawa idan an tayar da janareto

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kyamara, don Allah a taimaka min. Muna ɗaukar bidiyon waƙa a wani ɗakin taro a Kano da kyamarar Sony FX3 da muka karɓo haya. A firam 25 (wato hoto 25 a kowane sakan) komai lafiya lau. Da na koma firam 100 don rawar ta fito a hankali, sai hoton ya riƙa ƙyaftawa, baƙaƙen layuka suna gangarowa. Na sa shata (tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga a kowane hoto) a 1/100 na sakan tunda wutarmu 50Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a sakan. Idan an kawo wuta abin yana raguwa, amma da an tayar da janareto sai ya dawo. Fitilun LED na ɗakin zan canza, ko laifin janareton ne? Jibi za mu mayar da kyamarar, ga shi mawaƙin ya riga ya sallami 'yan rawa.