Ɗana ya ce ba zai zo bikin ƙanwarsa ba saboda koyarwar cocinsa na Amurka

Maman 'Yan Biyu: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Shawara nake nema, don abin ya fi ƙarfina. Babban yarona yana karatu a Amurka, a jihar Karolina ta Kudu. A ECWA ya tashi, a nan aka yi masa baftisma. Da ya je can sai ya shiga wata ikkilisiyar Baptis mai zaman kanta, wadda ba ta ƙarƙashin kowace ƙungiya. Da farko murna muka yi, don ya nutsu, ya kama Maganar Allah hannu bibbiyu. To ƙanwarsa za ta yi aure a Disamba. Angon ɗan Angalikan ne, kuma kawunsa Fada ne na Katolika, shi zai yi addu'a a wurin liyafa. Yaron ya ce ba zai zo ba. Wai Littafi Mai Tsarki ya hana shi zama a sujadar da aka gauraya da masu koyarwar ƙarya, wai ECWA ma ta yi sake tunda tana cikin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tare da Katolika. Ya ƙara da cewa Baibul ɗin Turanci na King James ne kaɗai na gaskiya, ganga da rawa a coci kuma kayan duniya ne. Babansa ya ce in bai zo ba kada ya sake taka masa gida. Don Allah, ƙungiyar asiri ce ya shiga? Me zan ce masa?

Ɗan'uwa daga Kafanchan: Mama, sun juya masa kai ne kawai. Ku daina tura masa kuɗi ku ga ko ba zai dawo hayyacinsa ba.

Malamin Tauhidi: Mama, sannu da wannan nauyi. Ɗan'uwana na Kafanchan, ban yarda da kai ba, bari in faɗi dalili. Ba ƙungiyar asiri ba ce. Mutanen nan sanannu ne, da Turanci ana ce musu "fundamentalists", wato masu riƙe tushen bangaskiya, kuma in kin zauna da yaronki kika tambaye shi abin da ya gaskata, za ki ji naki ne sak.

Asalinsu rikici ne da ya ɓarke a manyan ikkilisiyoyin Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da wasu malaman makarantun tauhidi suka fara cewa mu'ujizai tatsuniya ce, budurwa ba ta haihu ba. A 1910 babban taron Firesbiteriya ya tsayar da abu biyar da ba a taɓawa: Littafi Mai Tsarki ba shi da kuskure, budurwa ce ta haifi Yesu, ya mutu a madadinmu, ya tashi da jikinsa, mu'ujizansa kuma sun faru da gaske. Daga 1910 zuwa 1915 wasu attajiran man fetur 'yan'uwan juna, Lyman da Milton Stewart, suka biya kuɗi aka buga maƙaloli 90 a kan waɗannan tushe, aka raba wa fastoci da mishan kyauta. Duk wannan ƙungiyar mishan ta SIM ma ta riƙe shi, ita da ta haifi ECWA a 1954. Marigayi Byang Kato na Kwoi, malamin tauhidi ɗan ECWA, shi ma har ya rasu a 1975 yana gargaɗin ikkilisiyar Afirka a kan gauraya bishara da abin da ba bishara ba.

Inda hanya ta rabu shi ne batun keɓewa. Da masu riƙe tushen nan suka kasa korar masu sabuwar koyarwa daga ikkilisiyoyinsu, sai su suka fita. Malami Gresham Machen ya bar makarantar tauhidi ta Princeton a 1929 ya kafa tasa, wasu 'yan Baptis suka ware a 1932. Har nan da yawanmu za mu ce sun kyauta. Amma a 1957 Billy Graham ya yi babban wa'azi a New York, ya yarda fastocin da ba su riƙe tushen nan ba su shiga kwamitin shirya taron. Manyan masu wa'azinsu, Bob Jones da John Rice, suka juya masa baya. Ba su ce Graham ya musunta Yesu ba, laifinsa shi ne ya zauna da waɗanda suka musunta. Daga nan mataki na biyu ya yi ƙarfi: ka rabu da mai koyarwar ƙarya, ka kuma rabu da ɗan'uwanka mai bi na ƙwarai in shi bai rabu da wancan ba. Wannan matakin ne ya hana yaronki zuwa biki. Ba ya ganin ke ba mai bi ba ce, gani yake kin zauna inda bai kamata ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Malam, hankalina ya ɗan kwanta. To ayoyin da yake turo mini fa? 2 Korintiyawa 6:14-17 da 2 Yahaya 10.

Malamin Tauhidi: Ayoyin gaskiya ne, kada ki ce masa ba su da amfani, nan take zai rufe kunne. Amma ki duba da wa ake magana. Ta Korintiyawa tana zancen marasa bi ne da bautar gumaka. Ta Yahaya kuwa, aya ta 7 ta bayyana su waye: masu musun cewa Yesu Almasihu ya zo da jiki. Angon 'yarki bai musunta wannan ba, Fadan ma bai musunta ba, duk da akwai manyan abubuwan da muka saɓa da Katolika a kansu, kuma ba zan ɓoye su ba. Babbar hujjarsu a kan mataki na biyu ita ce 2 Tasalonikawa 3. Ki karanta surar duka. Waɗanda Bulus ya ce a janye daga gare su malalata ne da suka ƙi aiki suna cin abincin mutane, kuma a aya ta 15 ya ce kada a ɗauke su abokan gaba, a gargaɗe su kamar 'yan'uwa. Ki roƙe shi ku karanta wannan tare a waya.

Tsohon ɗalibi a Amurka: Ni na yi sujada da irin mutanen nan lokacin da nake can, kuma ina so a yi musu adalci. Da na yi rashin lafiya su suka kai ni asibiti, suka riƙa kawo mini abinci. Kuma abin da suke tsoro ba mafarki ba ne. Akwai manyan cocin Amurka da za ka shiga ba ka ji an ambaci zunubi ko tashin matattu ba. Yaro baƙo da ya ga haka, ya sami masu riƙe Littafi da ƙarfi, dole ya manne musu. Sai dai ba duka suke ɗaya ba. Wasunsu ba su ce King James kaɗai ba. Abin da zan so Mama ta bincika shi ne faston nasu. Tunda babu wata majalisa a samansa, in ya zama mai danniya ba wanda zai tsawata masa. Ki tambayi yaron: yana iya saɓa wa fasto ya zauna lafiya? An ce masa ya rage kiran gida? In amsar ta biyu i ce, to maganar ta wuce ta biki.

Kuma shi da yake Karolina ta Kudu ya san Jami'ar Bob Jones a Greenville. Har shekarar 2000 dokarta ta hana soyayya tsakanin baƙi da farare, da ayoyi suke kare ta, a 2008 suka fito suka nemi gafara. Masu jan layin nan sun taɓa jan shi a inda Allah bai ja ba, su da kansu suka yarda.

Shugabar Zumuntar Mata: 'Yar'uwa, batun King James ɗin ne ya fi ɓata mini rai. An buga shi a 1611 da Turanci. Kakarsa da ba ta jin Turanci, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ta san Yesu, har ta haifi ubansa cikin bangaskiya. Ki tambaye shi a hankali ko kakar tasa ba ta sami ceto ba. Ganga kuwa, Zabura 150 ta ishe shi.

Amma ni ba da yaron zan fara ba, da maigidanki zan fara. Kalmar nan ta "kada ka sake taka mini gida" ita ce za ta tabbatar wa yaron abin da ake gaya masa, cewa za a tsananta masa saboda gaskiya. Ranar da aka kore shi, shi ke nan ba shi da kowa sai su. Ki nemi dattijon da maigida yake jin nauyinsa ya lallashe shi ya janye ta.

Ɗan'uwa daga Kafanchan: To ƙanwar fa? Kowa yana lallashin yaro, ita ce za ta tsaya ranar aurenta ba yayanta. Girmama iyaye ma umarni ne, ba a soke shi ba.

Shugabar Zumuntar Mata: Gaskiyarka ƙanena, kuma dole a faɗa masa haka. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 don sun fake da addini sun ƙi haƙƙin iyaye. Sai dai a ba shi ƙofa. In lamirinsa bai yarda da addu'ar Fada ba, ya zo ɗaurin aure a coci, ya zo kai amarya, lokacin addu'ar ya fita waje shiru. Ba wanda zai lura. Kuma shi da bakinsa zai kira ƙanwarsa ya yi mata bayani, kada a bar wa uwa wannan aikin.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka muku. Na yi magana da Baba Fasto, ya ce zai zo wurin maigida ranar Asabar da yamma. Yaron kuma ya yarda mu karanta Tasalonikawa ranar Lahadi bayan sun tashi sujada. Malam, in ya kawo ayar da ban iya amsawa ba, zan iya haɗa ku a waya?

Malamin Tauhidi: Ki haɗa mu, Mama. Amma ki fara gaya masa ni malamin ECWA ne, kada ya ga kamar an yi masa tarko. Zan turo miki lambata ta saƙo.